Kiwon Kaji a Tsakar Gidan Birni: Ci da Sha, Jinya da Tsufa

Yawancin masu ajiye kaji a gidajen Kano sun gaji salon kiwon ne daga iyaye da kakanni, waɗanda suka yi nasu a ƙauye, ko kuma a birnin da yake da wadatar fili a wancan zamani. A can, kaza takan fita da sassafe ta bi gindin danga da ƙarƙashin rumbu, ta tsinci hatsin da ya zube a wurin sussuka, ta tono gara da tsutsa, ta tsattsagi ɗanyen haki, ta haɗiyi tsakuwa, da yamma kuma ta dawo a watsa mata ɗan tsaki ta shige akurki. Wannan tsakin na yamma ƙari ne kawai, domin ainihin abincinta ita ta nemo shi da ƙafarta. A yau kuwa, gidan da ke Fagge ko Gwammaja ko Kurna ko Ɗorayi an shafe tsakar gidansa da siminti, ƙofa a rufe take, idan ma an saki kazar babu abin da za ta tarar a lungu sai kwata da leda da babur. Duk da haka mutane da yawa suna ci gaba da watsa ɗan tsakin nan na yamma kamar dā, sannan su yi mamakin yadda kaji suke ramewa, ƙwai ya yi ƙaranci, hunturu kuma ya zo ya share akurki. Abin da nake so mai kiwo ya riƙe tun daga farko shi ne, kazar birni ba ta da dajin da za ta yi kiwo, saboda haka duk abin da daji yake ba kazar ƙauye, wajibi ne mai ita ya kawo mata shi har inda take.

Kafin a sayi kaza ko ɗaya, a yanke shawarar abin da ake nema. Kazar Hausa tana da juriya, tana kwanci, tana renon 'ya'yanta, namanta kuma shi ne aka fi so a farfesu, amma ƙwanta kaɗan ne: takan yi zubi kamar sau uku a shekara, kowane zubi ƙwai 10 zuwa 15. Kazar gona mai ƙwai, irin Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta samar, tana fara ƙwai tana da kimanin mako 20, kuma irin waɗannan kaji sukan haura ƙwai 250 a shekara idan abinci ya wadata, sai dai ba su cika kwanci ba, kuma ba sa yafe sakaci. Tsakanin biyun akwai irin su Noiler, masu girman jiki da matsakaicin ƙwai, waɗanda suka karɓu a gidaje cikin 'yan shekarun nan. Ga wanda bai taɓa kiwo ba, shawarata ita ce ya fara da sagaru biyar ko shida na kajin Hausa da zakara guda, domin zakara ɗaya ya isa kaji takwas zuwa goma. Idan ƙwan ci kawai ake so, ba a bukatar zakara sam, kaza tana yin ƙwanta ko babu shi, kuma maƙwabta sun huta da cara.

Duk kazar da ta shigo gida daga kasuwa, ko aka kawo ta kyauta daga ƙauye, kada ta haɗu da na gida sai ta yi mako biyu a keɓe, da mazubin abincinta da na ruwanta daban. Ba daga littafi na koyi wannan ba. Wata shekara na sayi wani kyakkyawan zakara ana gobe Sallah, na tausaya masa na fasa yanka shi, na sake shi cikin kajina, kafin kwana goma, kaji goma sha ɗaya daga cikin goma sha huɗu sun mutu. Kejin mai sayar da kaji wuri ne da tsuntsayen garuruwa daban-daban suke kwana tare, kuma kazar da ta kwaso cuta tana iya yin kwanaki tana cin abincinta lafiya lau kafin alama ta bayyana.

Akurki da shimfiɗarsa

Kuskuren da aka fi yi wajen gina ɗakin kaji a Kano shi ne a toshe shi ruf saboda tsoron sanyi da ɓarawo. Babbar kaza ta fi jure sanyin hunturu fiye da zafin bazara nesa ba kusa ba. Abin da ya dace shi ne a tayar da gini ko katako zuwa gwiwa, sauran kuma a sa waya mai ƙananan idanu har zuwa rufi, ta yadda iska za ta ratsa, ɓera da gafiya da muzuru kuma ba za su samu shiga ba. Idan hunturu ya kankama, sai a rataya buhu a ɓangaren da iska ke kaɗowa, wato gabas da arewa, a bar sama a buɗe. Rufin kwano yana mayar da akurki tanda a watan Afrilu, don haka a ɗora masa zana ko karan dawa, ko kuma a kafa akurkin a inuwar darbejiya idan gidan yana da ita. Kada a haɗa fiye da kaji uku ko huɗu a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, domin cunkoso shi ne mafarin tsattsagar juna da yawancin cututtuka.

A ƙasa a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri kamar tsawon yatsa. Ana samun ta katakon a wurin 'yan katako na Na'ibawa da makamantansu, kuma mai manyan ɓarɓashi ta fi mai laushi, wadda 'yan tsaki kan ɗauka abinci ce su cika ciki da ita. Ma'aunin shimfiɗa hanci ne: idan mutum ya sunkuya ya ji wari mai yaji yana hawa masa ido, to kajin da suke kwana da hancinsu a kanta sun daɗe da jin sa, lokacin kwashewa ya wuce. Abin da aka kwashe taki ne mai ƙarfi da masu lambu suke nema, amma sai ya kwana biyu ya ruɓe kafin a zuba wa shuka. A gitta sanda mai kaurin hannu domin su hau su kwana, a ajiye kwando ko tsohuwar tukunya a lungu mai duhu domin ƙwai, ɗaya ga kowace kaza huɗu ko biyar. Sannan a tanadi tsohon daro a cika shi da busasshen yashi da tokar murhu. A nan za su yi birgima, kuma wannan birgimar ita ce wankansu da maganin ƙumarsu, abin da siminti ya hana su.

Abin da ke shiga cikin kaza

Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 na abinci a rana, wato kimanin gwangwanin madara guda da ɗan tozo. Kaji goma ke nan suna cinye kilo ɗaya da 'yan kai kullum, buhu mai kilo 25 kuma zai kai su kusan mako uku. Yana da kyau mutum ya yi wannan lissafi da kuɗin aljihunsa kafin ya ƙara yawan kaji, domin kaji shida ƙosassu sun fi ashirin masu yunwa ba da ƙwai.

Sai dai cika ciki daban, ƙoshi daban. Dusa da tsaki da ragowar tuwo duk abu guda suke bayarwa, wato ƙarfin jiki, kuma abin da ke gina tsoka da gashi da ƙwai, wanda ake kira furotin, kaɗan ne a cikinsu. Masara ba ta wuce kashi 9 cikin 100 na furotin ba, alhali mai ƙwai tana bukatar kashi 16 zuwa 17, ɗan tsako kuwa 18 zuwa 20. Wannan giɓin shi ne gara da fara da tsutsa suke cikewa a ƙauye. A birni ana cike shi da waken suya, ko ƙuli-ƙuli, ko garin busasshen kifi. Waken suya dole a soya shi sama-sama ko a dafa a shanya kafin a niƙa, domin ɗanyensa yana ɗauke da wani sinadari da ke hana hanji narkar da abinci, har kaza ta yi ta ci tana ramewa. Ƙuli-ƙuli kuma a nemi wanda ba a sa wa gishiri da yaji ba, ko a karɓi tunkuza a wurin masu matsar mai a shanya ta.

Na biyu shi ne sinadarin kalsiyam, wanda da shi ake gina ɓawon ƙwai. Kowane ɓawo yana ɗauke da kimanin giram 2 na wannan sinadari, kuma kazar da ba ta same shi a abinci ba daga ƙashinta take zara, shi ya sa ake ganin ƙwai mai taushi kamar leda, ko kaza ta gurgunce a tsakiyar zubi ba tare da wata cuta ba. Masu sayar da kayan haɗin abincin kaji suna da garin ƙashi da dutsen laimiston da aka farfasa, kuma ba su da tsada. Ɓawon ƙwan da aka soya a gida ma kada a zubar: a wanke, a gasa shi kaɗan a kasko, a daka shi sosai yadda kaza ba za ta gane ƙwai ne ba, domin idan ta gane ta koyi fasa nata, raba ta da wannan hali yana da wuya.

Wanda yake da hali, abincin buhu na kamfani ya fi sauƙi, kuma kala uku ne: na 'yan tsaki har zuwa mako takwas, na masu tasowa har zuwa fara ƙwai, sannan na masu ƙwai. Kada a ba 'yan tsaki na masu ƙwai, domin yawan kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana lalata musu ƙoda. Wanda kuma yake so ya haɗa da kansa, musamman idan ya sayi masara da rahusa a Dawanau lokacin kaka, ga gwargwadon da nake amfani da shi ga masu ƙwai, bisa nauyi: a cikin kashi goma, biyar ɓarzajjiyar masara ko dawa, biyu dusa, biyu waken suya ko ƙuli-ƙuli, ɗaya kuma garin ƙashi da laimiston a haɗe, sai gishiri kamar rabin ƙaramin cokali a kowane kilo, da ɗan garin bitamin da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi. Wannan haɗi bai kai na kamfani daidaito ba, amma tsakaninsa da dusa zalla akwai tafiya mai nisa.

Ganye ma abinci ne. Zogale, da ragowar alayyafo da latas da kabeji da ake zubarwa a kasuwar 'Yankaba, idan aka wanke aka ɗaure aka rataye su daidai kan kaji, suna sa gwaiduwa ta yi ja, suna kuma ba su abin yi maimakon figar juna. A ajiye musu ƙananan tsakuwa a wani gwangwani, domin kaza ba ta da haƙori, da tsakuwar da ke cikin ƙundunta take niƙa hatsi.

Ragowar abincin gida halal ne a gare su matuƙar bai lalace ba, amma miya mai gishiri da yawa tana sa su zawo, tana ma iya kashe ƙanana. Abin da nake gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne hatsi ko gyaɗar da ta yi funfuna. Sau da yawa idan masara ta jiƙe a damina ta yi baƙi-baƙi, sai a ce a ba kaji, alhali wannan funfunar tana haifar da guba mai cin hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana rage ƙwai tana karya garkuwar jiki ko da ba ta kashe nan take ba. Abin da mutum ya ƙi ci saboda ya ruɓe, kaza ma bai dace da ita ba. A kuma riƙa tsince leda da zare da roba daga tsakar gida, domin suna toshe jakar abincin da ke gindin wuyanta.

Ruwa ya fi abinci gaggawa. Kaza tana shan kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, a bazara kuma fiye da haka sosai. Zafin jikinta ya kai digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ba ta kuma yin gumi, saboda haka a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano yake kai wa digiri 40, ba ta da hanyar sanyaya jiki sai haki da buɗe fukafukai. A irin wannan lokaci a sauya ruwa sau biyu ko uku a rana, a ɗebo daga randa, a ajiye mazubin a inuwa, domin kaza ba ta son shan ruwan da ya yi zafi. A ba da abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, a bar tsakar rana ga ruwa kawai, saboda narkar da abinci ma yana ƙara zafin jiki. Idan aka ga wata ta kwanta tana haki ta kasa tashi, a tsoma ƙafafunta da cikinta cikin ruwa mai sanyi kaɗan, a kai ta inda iska ke kaɗawa. Manyan kaji masu ƙiba su ne zafi yake fara ɗauka.

Kwanci da 'yan tsaki

Kazar Hausa idan ta kwanta, a bar mata ƙwai takwas zuwa goma, waɗanda ba su wuce mako guda da yi ba, a yi musu alama da gawayi domin a gane sabon da wata ta zo ta ƙara. Kwana 21 take yi kafin ta ƙyanƙyashe, kuma a ajiye mata ruwa da abinci kusa. Yawancin 'yan tsakin da ake asara a gidaje a makonni huɗu na farko suke tafiya, ta hanyar sanyi, da shirwa, da ɓera, da faɗawa cikin ruwan sha ko kwata. Maganin wannan shi ne a tsare uwar da 'ya'yanta a keji ko babban kwando na tsawon wata guda, a ba su abincin 'yan tsaki, a zuba ruwansu a faranti marar zurfi da 'yan duwatsu a ciki. Waɗanda aka sayo 'yan kwana ɗaya ba su da uwa, suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa sannu a hankali. Ba sai da ma'auni ba: idan sun cure a gindin fitila sanyi suke ji, idan sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa. Mai amfani da gawayi ya tabbata ya ruru ya daina hayaƙi kafin ya shigar da shi, ya kuma bar kafar iska.

Rigakafi

Cutar da ta fi kowace share akurki a ƙasar Hausa ita ce Niyukasil, wadda wasu masu kiwo suke kira fakat, kuma ta fi tsananta da hunturu. Alamunta su ne kasala, da koren zawo ko fari, da numfashi da ƙyar, da murɗewar wuya, da mutuwar kaji da yawa cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar bairas ce ke kawo ta, don haka babu kafso ko allura ko saiwar da ke warkar da ita. Na san ana jiƙa ɓawon maɗaci da barkono da gautan kaji a ruwan sha, ana kuma fasa kafson nan ja da yalo, kuma ba na raina ƙoƙarin iyayenmu, amma kazar da ta tashi bayan wannan, dama can mai tashi ce. Abin da yake aiki shi ne rigakafi tun kaji suna da lafiya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin irin wannan rigakafi, har da nau'in I-2 da aka yi shi domin kajin gida saboda ya fi jure zafi, wanda ake ɗiga wa kowace kaza ɗigo ɗaya a ido. Akwai kuma Lasota da ake sawa a ruwan sha. A maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma a tabbata an yi zagaye ɗaya a watan Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin iska ta juyo.

Rigakafi abu ne mai rai, zafi yana kashe shi. A saye shi inda ake ajiye shi a firji, a ɗauko shi cikin ƙanƙara, a yi amfani da shi da sassafe, a kuma gama cikin awa biyu da haɗawa. Idan na ruwa ne, a janye musu ruwan sha na awa ɗaya ko biyu domin su sha da ƙishirwa, a yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse, domin sinadarin da ake tace ruwan famfo da shi yana kashe maganin. Tunda ƙaramar kwalba ta isa kaji masu yawa, ya fi kyau matan layi guda su haɗa kuɗi su yi rana ɗaya, kuma hakan yana da wata fa'ida, domin kajin maƙwabta idan suna da kariya, naka ma sun ƙara samun tsaro. 'Yan tsakin gona suna bukatar ƙarin rigakafin Gumboro, wata cuta mai kama ƙananan kaji, a mako na biyu da kuma maimaici bayansa, da na ƙurajen fuska wajen mako na shida zuwa takwas. Asibitin dabbobi na Gwale da sauran likitocin dabbobi na gari za su tsara wa mutum jadawalin da ya dace da irin kajinsa.

Idan kaza ta kwanta ciwo

Kaza tana ɓoye ciwonta har sai ya ci ƙarfinta, saboda haka mai kiwo ya saba wa kansa tsayawa minti biyar kowace safiya yana kallonsu lokacin da ya zuba abinci. Wadda ba ta rugo ba, wadda ta tsaya a lungu ta saki fukafukai ta lumshe ido, wadda zankonta ya koɗe ko ya yi duhu, ita ce abin dubawa. A ɗauke ta nan take a sa ta a kwali ko keji nesa da sauran, a wuri mai ɗumi da iska. A shafa ƙirjinta a ji ko ƙashin ya fito kamar wuƙa, a taɓa jakar wuyanta a ji ko ta kwana cike, a buɗe baki, a duba ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya, a kuma dubi kashinta. Kafin komai a ba ta ruwa da ɗan sukari da ɗan gishiri kaɗan, ana ɗiga mata a gefen baki a hankali, ba a ɗura mata ba, domin ɗura tana kai ruwa huhu. Dafaffen ƙwai da aka marmasa shi ne abincin jinya mafi kyau da na sani.

Kashi mai jini a wurin 'yan tsaki da masu tasowa, musamman da damina idan shimfiɗa ta jiƙe, yawanci ciwon hanji ne da ake kira koksidiyosis, kuma yana jin maganin amfuroliyam a ruwan sha na kwana biyar, tare da sauya shimfiɗa. Rama duk da cin abinci takan nuna tsutsar ciki, kuma kajin da ke taka ƙasa ya kamata a ba su maganin tsutsa duk bayan wata uku. Ƙuraje masu ɓawo a zanko da gefen ido sauro ne yake yaɗa su, sukan warke da kansu cikin makonni idan an shafa aidin an kuma tabbata kazar tana ganin abinci. Ƙafa mai kaushi da ɓamɓaroki ƙananan ƙwari ne suka shige ƙarƙashin fata, a wanke a shafe ta da man basilin duk bayan kwana biyu har ta yi laushi. Ƙuma da ƙwarƙwata kuwa ba a jikin kaza kaɗai suke ba, suna ɓuya a tsagar katako da bango, don haka sai an share akurkin an yi masa feshi, ba da maganin sauro na ɗaki ko fiya-fiya ba, da wanda likitan dabbobi ya ba da. Mura mai kumbura fuska da atishawa ita ce takan bukaci maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma bisa shawarar likita, a kuma cika kwanakinsa. Kowane irin wannan magani yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikinsa waɗanda ba a cin ƙwai ko naman kazar a cikinsu, kuma kiyaye wannan haƙƙin iyali ne da na duk wanda za a sayar wa.

Akwai hali guda da ba a jinya a cikinsa. Idan kaji suka fara faɗuwa da yawa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, ƙafafu suka yi ja kamar jini ya kwanta, to a yi zaton murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Najeriya a 2006 kuma ta sha dawowa Kano tun daga lokacin. Tana iya kama mutum. Kada a yanka, kada a fige, kada yara su taɓa, kada kuma a yi saurin kai sauran kasuwa domin a rage asara, wanda hakan zuba wa wasu musiba ne da gangan. A sanar da jami'an lafiyar dabbobi. Mushen kaza ko wane iri ne a sa leda a hannu a ɗauke shi, a binne da zurfi ko a ƙone, ba a jefa shi a kwata ko bola ba, sannan a wanke hannu da sabulu.

Tsohuwar kaza

Kaza tana iya rayuwa shekara biyar zuwa takwas, amma ƙwanta ya fi yawa a shekara biyu na farko, daga nan sai ya riƙa raguwa kowace shekara. Kafin a yanke mata hukuncin tsufa, a tabbata ba sauya gashi take yi ba, domin kaza takan zubar da gashi ta daina ƙwai na wasu makonni, kuma abin da take bukata a lokacin ƙarin furotin ne. Hanyar ganewa ita ce a sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyu da ke gefen duburarta: idan yatsu biyu ko uku sun shiga, zankonta kuma ja ne mai taushi, tana kan ƙwai, idan kuwa yatsa ɗaya ne da ƙyar, zankon ya bushe ya ƙanƙance, ta tsaya.

An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma babu laifi ga wanda ya ga ƙwai ya ƙare ya yanka ta tun tana da lafiya da nama, da wuƙa mai kaifi, ba a gaban 'yan uwanta ba. Amma ba kowace tsohuwa ce ta gama amfani ba. Tsohuwar kazar Hausa da ta iya kwanci ta fi sagara uku daraja, domin ba ta tashi daga kan ƙwai, ta san shirwa, kuma za ta ƙyanƙyashe ƙwan wata kaza ko na zabo ta rene su kamar nata. Wanda ya zaɓi ya bar irin wannan, ya sauko mata da sandar kwana kusa da ƙasa saboda gaɓoɓinta, ya ƙara kaurin shimfiɗa domin dira a kan siminti tana kumbura tafin ƙafa, ya kuma lura ko matasa suna korar ta daga abinci, in haka ne ya ware mata nata mazubin. Idan ta daina ƙwai gaba ɗaya, a mayar da ita kan abincin masu tasowa, a rage mata tsaki da tuwo domin kitse yana taruwa a cikinta, a jiƙa mata abincin idan ci ya yi mata wuya. Farcen da ya yi tsawo saboda rashin tono a rage shi kaɗan.

Matsalar da ta fi samun manyan kaji ita ce maƙalewar ƙwai. Za a ga kazar tana tafiya a tsaye kamar agwagwa, tana yunƙuri, tana shiga kwando tana fita babu komai. A zaunar da ita cikin ruwa mai ɗumi na minti 15 zuwa 20, a goge ta, a shafa man gyaɗa a bakin duburar, a ba ta garin ɓawon ƙwai cikin ɗan abinci, a ajiye ta a wuri mai duhu. Kada a matsa cikin da ƙarfi, domin ƙwan da ya fashe a ciki ya fi wanda ya maƙale haɗari. Idan kwana ya zagayo bai fito ba, sai likita. Wadda kuma cikinta ya kumbura ya yi ruwa-ruwa, ƙirjinta ya bushe, tana numfashi da ƙyar, yawanci ciwon ya zauna a mahaifa ko hanta, kuma ko an zuƙe ruwan yakan dawo. Irin wannan, idan ta kai ba ta iya tashi ta isa wurin ruwa da kanta, a hutar da ita da yanka maimakon a bar ta tururuwa suna bin ta da rai, kuma idan ba a san ciwon da ya kama ta ba, ko tana cikin kwanakin magani, a binne naman kada a ci.